Randar Iya da Na Ɗinka wa Riga

A bazarar shekarar da aka zuba wa lakwal ɗin Magariya, wato makarantar bokonmu, daɓen siminti, 'yan shekaru kafin Faransawa su naɗe tabarmarsu, ranar kasuwa da hantsi, ina tsaye a ƙofar zaurenmu. Na wanke ƙafa, na sa wandon makaranta alhali ba karatu ranar, ina jiran a yabe ni. Wani dattijo mai jakai daga Bande ya ɗaure dabbobinsa a gindin tsamiya, ya nufo randar da ke bakin ƙofa kamar yadda ya saba, ya ɗaga faifai, ya cika moɗa, ya yi bisimilla ya kai baki. Sai na ga kumatunsa sun kumbura. Ya juya ya fesar da ruwan dab da ƙafafuna masu tsabta, ya ce, "Subhanallahi! Wa ya haihu a gidan nan, aka juye ruwan wankan jego a randar Iya?"

Iya kakata ce, mahaifiyar babana. Randar kuwa marigayi mijinta ne ya yo mata dakonta tun daga Mirya, a bayan raƙumi, naɗe cikin ciyawa. Da ya rasu sai ta fito da ita bakin zaure, ta binne gindinta cikin yashi, ta ce duk mai ƙishi ya sha, ladan ya isa kabarinsa. Duk zafin bazara, ruwan randar nan sai ya riƙe maka haƙori. Mutanen ƙauye kan baro hanyar kasuwa su ratso unguwarmu don shi kawai, su sha, su yi wa mamacin addu'a, Iya tana daga cikin zaure da mazarinta tana amsa amin. Ba ta da shanu, ba ta da gona, wannan ruwan shi ne abin da take da shi.

Ni kuma shi ne abin da na tsana, don ni ke cika randar. Kafin a buga ƙarfen makaranta sai na yi ta safa da marwa tsakanin rijiya da gida da tulu a ka, igiyar guga ta ci mini tafin hannu, sa'o'ina suna can suna langa. In na taso da rana in tarar ruwa ya yi ƙasa ko da ba wanda ya sha. Jikin randar kullum jiƙe yake, yana tsattsafa kamar goshin maƙeri, gansakuka ta yi kore a gindinta, kaji suna kwanciya a yashin don sanyi. A ganina ɓarauniya ce, tana shanye mini wahala.

Ana nan sai malaminmu, wanda muke kira Mushe, ya yi mana darasin abubuwa. Ya jera ƙarfe da itace da ƙwalba da fata da kasko a kan tebur, ya lanƙwasa wannan, ya ƙwanƙwasa wancan, ya sa muka faɗi wanne ke karyewa, wanne ke ɗaukar zafi, wanne ke nutsewa. Daga ƙarshe ya kawo ɗan kasko na yumɓu da wani da magina suka zuba masa na siminti, ya cika su da ruwa. Kafin a tashi, ƙarƙashin na yumɓu ya jiƙe, na siminti kuwa ƙayau. Ya tambayi dalili, na ɗaga hannu har ina neman faɗowa daga benci, na ce yumɓu na yoyo, siminti ba ya yoyo. Ya ce madalla, ya ba ni guntun simintin da ya rage a gindin buhu tukuici. Ban ga laifin Mushe ba. Abin da ya faɗa gaskiya ne, ni ne na ɗauko rabin darasi na yi gida da gudu, kuma har yau ban koma na karɓo sauran ba.

Sai aka yi sa'a, ko rashinta, Iya ta tafi Mallawa suna. Na kwashe ruwan, na kankare gansakukar da tsinken kara, na kwaɓa siminti da yashi kamar yadda na ga magina suna yi, na shafe randar ciki da waje, har da gyara mata baki. Babana yana kan iyaka wurin harkar gyaɗa, matan gida kuwa da suka leƙo na ce musu aikin lakwal ne, suka ja da baya, don a lokacin duk abin da aka ce na lakwal ne tsoronsa ake kamar takardar kumandan. Ta bushe fes, toka-toka, sumul. Na cika ta, na dawo na duba, ko yatsa ruwan bai ragu ba. Wallahi na ji a raina Faransa ta yi asara da ba a haife ni can ba.

To, ga mai jakai yana kakari, mutane sun taru, sai ga Iya ta sauko daga jaki, dawowarta ke nan. Ta dubi randar ta daɗe. Ta shafa jikinta da tafin hannu, kamar mai taɓa goshin marar lafiya. Ta karɓi moɗar, ta ɗebi ruwan nan mai ɗumi da ɗacin toka, ta shanye tas a gaban kowa. Sannan ta dube ni, da yake mijinta take kirana irin na wasan jika da kaka, ta ce, "Maigida, kai ne ka ɗinka wa randata riga? Ashe a lakwal har tela ake koyarwa." Aka fashe da dariya tun daga zaure har gindin tsamiya. Daga ranar na zama Telan Randa, kuma akwai tsofaffi a garin nan da har gobe ba su san sunana na yanka ba.

Da babana ya dawo ya ɗauko tsumagiya, Iya ta tare ƙofa ta ce ba mai taɓa mata miji. Da ta bari an zane ni, da na huta. An gwada ɓamɓare simintin, ya ƙi, sai dai ya taho da naman randar. Aka sayo wata a kasuwa, ruwanta ba laifi, amma ba irin wancan ba ne. Masu jakai suka riƙa wucewa ta bakin hanya, sai ɗai-ɗai ke ratsowa. Iya ta ci gaba da zama a zaure da mazarinta ranar kasuwa, tana ɗaga kai duk lokacin da ta ji kofato. Ni na daina bi ta zauren, ta katangar baya nake haurawa.

Bana jikanyata Hadiza ta zo hutu daga jami'a, inda take koyon aikin injiniya. Ta ce a shekarar farko ana koya musu halin kayan aiki, ƙarfe da yumɓu da siminti, kowanne da ɗabi'arsa. Ta bayyana mini cewa jikin randa cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwan da ke tsattsafowa ta nan iska ke ɗauke shi, ya tafi da zafin. Wato abin da na kira sata, shi ne kuɗin sanyin. Na gyara zama na ce, "Yarinya, wannan binciken ni na fara shi a ƙasar nan, tun ba a haifi malamanku ba." Ta ce, "Na sani, Tela," ta ɗauki hoton randar da wayarta, wai za ta nuna a aji.

Don tana nan. Duk randunan zamaninta sun fashe, ita kuwa ko tsagewa ba ta yi ba, aikina ya yi kyau. Tana bayan ɗakina, kaji ma ba sa kwanciya kusa da ita. Yanzu yara ke yawo da ruwan leda mai ƙanƙara a tasha, ya fi na Iya sanyi nesa ba kusa ba, ka miƙa ɗan canji ka tsotse ka yar, ba ka yi wa kowa addu'a ba. Ni dai duk ranar kasuwa in na ji kofaton jaki a bayan katanga, sai in tarar na sunkuyar da kai.