Tukunyar da Baban Halima Bai Gwada Ba

Wake nake dafawa a tukunyar furesha, mai dafa abinci da matsin tururi, lokacin da waya ta yi ƙara. Tukunyar tana ta fito, sai da na rage wuta kafin na ji abin da Baturen da ya kira yake faɗa. Ya ce daga wurin aikin maigidana yake kira, bututun tururi ya fashe, in zo asibiti, kuma kada in tuƙa mota da kaina. A wannan watan aka cika shekara tara. Tun ranar ban sake ɗora tukunyar nan a wuta ba.

Karatun injiniya ne ya kawo Baban Halima Manchester, Allah Ya jiƙansa, muka zauna a Longsight. Da ya gama sai ya samu aiki a wani gidan tarihi, yana kula da tsofaffin injunan tururi. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma ya sha zaunar da ni ya yi mini bayani. Ya ce injunan farko ruwa suke zuƙewa daga ramukan kwal, daga baya aka sa su juya masaƙu, garin nan ya cika da hayaƙi da mutane. Yakan yi dariya ya ce kakansa a Funtuwa ya noma audugar da aka riƙa kawowa nan, shi kuma jika ya biyo sawunta. Har Birmingham ya taɓa kai mu, ni da 'yarmu Halima, don mu ga wani tsohon inji mai dogon hannu yana sunkuyawa yana ɗagowa.

A can ya gaya mana abin da ya fi tsaya mini a rai. Ya ce a zamanin farko tukwanen injuna sun sha fashewa a kan masu aiki, kafin a koyi gwada su. Ana cika tukunya da ruwan sanyi, a matsa shi da famfo fiye da ƙarfin da za ta yi aiki da shi. In akwai tsaga, ruwa ɗiga kawai zai yi. Tururi kuwa ba ya ɗiga, fashewa yake yi.

Da gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, aka rage ma'aikatan gidan tarihin, har da shi. Ya koma wani kamfanin wanki, yana kula da tukunyar tururinsu. Aikin mutum biyu ne, aka bar shi shi kaɗai. In ya dawo, yakan wuce ɗan ɗakin katako da ke bayan gida, inda yake ƙera wani ƙaramin inji da tagulla, tukunyarsa ba ta wuce butar alwala ba. Ya gama haɗa shi. Gwajin ruwa kawai ya rage, kuma famfon gwajin ya iso kwanaki kaɗan kafin rasuwarsa.

Halima yanzu tana Birmingham, tana karatun da ubanta ya yi. Ban hana ta ba, amma duk lokacin da waya ta yi ƙara ina kicin, sai ranar nan ta dawo mini. Da ta zo hutu ta nemi makullin ɗakin katakon. Na ce mata ƙura ce kawai a ciki. Ta dube ni, ta yi magana da Hausarta da ke gauraye da Turancin Manchester.

"Umma, ba wuta zan hura ba. Ruwan sanyi ne, yadda Abba ya ce."

"In tukunyar ta ci gwajin fa?"

Ni da ita mun san amsar. Wanda ya gwada tukunya ya ga ba ta ɗiga, wuta zai hura mata.

Nakan tambayi kaina me zai ce da yana nan. Na san ba zai goyi bayana ba. Bai taɓa cewa a guji tururi ba, cewa yake a gwada, a yi bisimilla, sannan a hura. Kuma abin da ya kashe shi ba ƙaramin injin nan ba ne, bututu ne da aka daɗe ba a duba ba. Duk na san wannan. Amma ni na ga hannuwansa a asibiti, Halima ba ta gani ba, don ban bari ta shiga ba.

Abin da ya rage mana daga gare shi shi ne wannan tarbiyya ta dubawa kafin kunnawa, kuma tana jikin 'yarsa. Ko butar shayi ba ta kunnawa sai ta leƙa ta ga da ruwa. Shi ne yake kwantar mini da hankali, shi ne kuma yake tsorata ni, don haka ubanta yake, bai kuwa tsira ba.

Ta koma Birmingham ranar Lahadi. A tashar jirgi ta ce za ta sake tambaya idan ta dawo hutun sallah. Makullin yana cikin jakata, famfon yana cikin kwalinsa ba a buɗe ba. Har yau ba a gwada tukunyar ba, ni kuma ban ba Halima amsa ba.