Malam Ya Buɗe Ta Dama

Babana ya yi shekaru da Littafi Mai Tsarki a ƙasan akwati, naɗe cikin leda, bai taɓa karanta ko shafi ɗaya ba. Majami'a yana zuwa, waƙa yana yi, amma karatu ya bar wa fasto. Aikinsa buɗe ruwa da rufe ruwa a gonakin Bakolori, har ya yi ritaya muka zauna Talata Mafara. Sai da idonsa ya mutu, ciwo ya kwantar da shi, sannan ya ce yana so ya ji abin da ke ciki kafin ya tafi. Ka ji mutum.

Ni ina koyarwa a Bakura, sai Juma'a nake dawowa. Na tambayi fasto inda sabon shiga zai fara, ya ce bishara ta huɗu. Matarsa ta ce ina, daga farkon halitta. Na bar su suna musu na koma aiki.

Ashe maƙwabcinmu ya ɗauki aikin. Dattijo ne Musulmi mai sayar da albasa, abokin Baba tun ban san kaina ba, Malam muke ce masa. Boko yana karanta shi a hankali, da yatsa. Ya ce murya kawai zai ara wa abokinsa, kowa na nan da addininsa.

Da na dawo na tarar Baba ya daina cin abinci, ko fura ya ƙi. Ya kama hannuna yana tambaya ko yana cikin waɗanda za a jefa tafkin wuta. Na juya na ga Malam a kan tabarma, ya buɗe littafin ta dama.

"Baba Malam, daga ina kuka fara?"

"Daga farko mana, ɗiyata."

"Ai nan ne ƙarshe!"

"Littahin addini ta dama aka buɗe shi," in ji shi. "Mu haka munka tashi."

Ranar farko babin ƙarshe ya karanta: wani kogi garau, da itacen da ke 'ya'ya kowane wata. Baba ya ji daɗi, har ya tambayi wa ke buɗe musu ruwan. Daga nan Malam ya riƙa ja da baya babi babi, sai ga tafkin wuta, sai annoba, sai dabba mai kawuna barkatai. Ya ce shi ma ya lura abin yana ƙara tsanani, amma bai ga ya dace ya sa baki a littafin mutane ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai, to amma wa zan yi wa faɗa? Na juya littafin, na sa tsinken tsintsiya a bisharar da ta fi gajarta. Nan babu dogon jerin wane ya haifi wane, ana farawa sai warkar da marasa lafiya. Kafin in sake dawowa Baba ya koma shan kunu. Da suka zo wurin makahon da aka buɗe wa ido, ya ce ina ma a Mafara aka yi.

Ba su gama bisharar ba. Ran wata Asabar da la'asar numfashin Baba ya canja, na aika aka kira Malam. Na miƙa masa littafin a buɗe daidai wurin tsinke. Yana fara karantawa Baba ya girgiza kai.

"Ba nan ba. Inda ka fara. Wurin ruwan."

Malam ya dube ni kamar mai neman izini. Hawaye kawai nake. Ya rufe littafin, ya buɗe shi ta dama, ya ɗora yatsa.

Bai kai tsakiyar shafi ba Baba ya cika. Malam ya gani, amma bai tsaya ba sai da ya kai ƙarshe.

Har yau in an tambaye ni inda za a fara, gajerar bisharar nake cewa. Tsinken yana nan inda suka tsaya, ban cire shi ba.