Na Farko a Jeri

Lokacin kullen korona muna hawa na sha huɗu na wani bene a unguwar Danau Kota, a ƙasar da na je karatu, ina fama da kundin digirina a kan gyaran aikin 'yan sanda bayan yaƙi. Ba a littafi na san abin ba. Ni ɗan sanda ne, kuma na yi shekara biyu a wata ƙasa da baƙi ke riƙe wa mulki bayan yaƙin basasa. Aikina tantance tsofaffin mayaƙa: ka miƙa bindiga, ka faɗi abin da tsohon kwamandanka ya aikata, mu rubuta sunanka a jerin masu jiran kaki.

A can na haɗu da wani dogon mutum mai tabo a wuya. Ina cika masa takarda sai ya ce min sannu da aiki, da Hausar uwarsa. Wata takwas rabona da jin Hausa. Daɗi ya kwashe ni, na ce ai namu ne, na ɗauko sunansa daga can ƙasa na kai shi na ɗaya don ya riga kowa samun kaki. Har alfahari na yi da hakan.

Wata azahar a cikin kullen, matata ta dawo da tapau, wato ƙunshin abinci, daga kedai, shagon unguwarmu, sai mai tabon nan ya kira ni a waya. Ya ce cuta ta sa an kwashe baƙin a jirgi, an ɗage zaɓe, tsofaffin kwamandoji sun shige ofishinmu sun sami jerin. Daga sama za su fara bin waɗanda suka tona musu asiri.

“Oga, kai ka rubuta. Ni na nawa ne?”

Na ce masa na manta. Ƙarya nake, shi ma ya sani.

Babu wanda ban nema ba. Lambobin ofishin sun mutu. Tsohuwar shugabarmu ta amso da cewa tana gida a killace, tana yi mana fatan alheri. Fatan alheri! Ni kuwa ko titin Jalan Masjid India da ke nan cikin gari ba na iya kaiwa, shingen 'yan sanda ya tare hanya. Tsoro ya hana ni cin abinci, na tsani kaina da wannan karamcin nawa.

Na roƙe shi ya gudu, ya ce iyaka a rufe take saboda cutar.

Kwana uku ina kiran wayarsa tana ringin. Ran na huɗu aka ɗauka. Na yi sallama, na gaishe shi da Hausa, na sake gaishe shi. Wanda ya ɗauka bai jin Hausa.