Asirin Da Na Rufa Wa Jikana A Filin Ƙanƙara

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Ubangijin da Ya halicci zafi da sanyi, Ya ba ɗan Adam hankali amana a hannunsa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako. Bayan haka, ina rubuto muku wannan ne domin kakanni irina da Allah Ya kawo ƙasar Turai a ƙarshen rayuwa.

Ni dattijo ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a zauren karatu a birnin Kano, ina karantar da fiƙihu da nahawu, har gashin gemuna ya koma fari fat. Da ƙafafu suka fara gazawa, babban ɗana, wanda likita ne a Manchester, ya matsa sai ni da mahaifiyarsa mun dawo wurinsa a unguwar Withington. Na zo ina ganin kaina mutumin da ya san hukuncin kowane abu, wanda ake tambaya ba ya tambaya. A gidan na tarar da jikana, takwarana, yaro ɗan shekara goma sha biyar da aka haifa a nan. Hausarsa rabi Turanci ce, Turancinsa kuwa irin na 'yan Manchester ne, wanda ko mahaifinsa sai ya kasa kunne. Duk da haka wasan jika da kaka bai ɓace masa ba. Kullum sai ya ce mini tsoho ya ja gefe, Hajiya matata tasa ce, ita kuma ta biye masa tana kiransa angonta, tana zuba masa naman da ya fi nawa. Ni kuma ba na kiransa da komai sai rago, ɗan madara, wanda bai taɓa taka ƙaya ba.

Yaron nan ɗan wasan hoki ne na kan ƙanƙara. Wasa ne da ake yi da sanduna masu lanƙwasa, ana korar wani ɗan faifan baƙin roba mai tauri, 'yan wasan na sulɓi a kan takalma masu kaifi a ƙasa, sanye da hular kwano. Filin kewaye yake da katanga ta katako da gilashi, kuma dokar wasan ta yarda a bangaje mutum a jikinta. Da yake iyayensa ma'aikata ne, mahaifiyarsa akanta ce, sai rakiyarsa ta dawo kaina. Da farko na karɓa ne don in tabbatar ba ya wasa da salla. Ina zama a kan benci, kwat a kan babbar riga, carbi a hannu, sauran iyaye Turawa suna miƙo mini shayi. Ban ankara ba sai na tsinci kaina na san dokokin, ina miƙewa tsaye ina kabbara idan ya tare ɗan gaba. Ɗan baya ne, kuma shi kaɗai ne baƙar fata a ƙungiyarsu. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya shiga raina.

Tsarinsu shi ne, yaro ya fara daga ƙungiyar unguwa, idan ya yi fice a ɗauke shi wasan yanki, daga nan a kira kaɗan daga cikinsu gwaji, inda ake zaɓen waɗanda za su wakilci ƙasar a gasar matasa ta duniya. Rannan kocinsu ya tare mu a bakin ƙofa ya ce an kira takwarana gwajin, za a yi shi a wani fili da ke wajen Birmingham. Hajiya ta rangaɗa guɗa a tsakiyar falo har maƙwabta suka leƙo. Ni kuwa na ce masa ai kuskure suka yi, sun ɗauka jarumi ne, amma a ɗakina sai da na yi sujadar godiya.

Saura mako guda a tafi, suka buga wasa a gida. Wani ƙaton yaro ya haɗa shi da katanga, na ji ƙarar hular kwanonsa tun daga inda nake. Ya ɗan jima a ƙasa, sa'annan ya miƙe ya ɗaga hannu alamar lafiya lau, wasa ya ci gaba. A cikin bas muna komawa na shiga yi masa tsiya, na ce ɗan turin nan ne ya zube kamar buhun gero, ni da na faɗo daga kan rumbu ina yaro na karkaɗe rigata na wuce makaranta ko uwata ba ta ji ba. Na ce namiji ba ya nuna ciwo. Ya yi murmushi bai rama ba, abin da ba halinsa ba ne. Can sai ya tambaye ni wa ya ci wasan. Na gaya masa. Kafin mu sauka ya sake tambayata.

Da yamma ya shigo ɗakina ya kashe fitila, ya ce haskenta na soka masa ido, kansa kamar ana daka. Sa'annan ya kama hannuna ya roƙe ni don Allah kada Dadi ya ji. Ya bayyana mini cewa dokarsu ita ce, duk wanda ya bugu a kai sai an ajiye shi makonni ba ya taka ƙanƙara, kuma mahaifinsa likita ne, da ya ji zance ya ƙare, babu Birmingham. Ya ce ai ni na ce namiji ba ya nuna ciwo, to ga shi bai nuna ba, ni kaɗai ya gaya wa domin ni abokinsa ne. Wannan kalma ta abokinsa ita ta ɗaure ni. Na ɗauki maganar a matsayin amana, na yi masa tofi a ka, na shafa masa man habbatus sauda, na ba shi ruwan zamzam, na ce ya je ya kwanta, Allah Zai sauwaƙe.

A cikin makon na ga alamu da idona. Yana yawan barci, mahaifiyarsa ta ɗauka gajiyar karatu ce. Mahaifinsa yana aikin kwana a asibiti, da wuya su haɗu. Abin da ya fi tsaya mini shi ne karatun da muke yi bayan magariba. Surar da ya haddace tun yana ƙarami, wadda ko a barci aka tashe shi zai kawo ta, sai ga shi ya kai tsakiya ya tsaya, ya koma farko, ya sake tsayawa a wuri guda yana kallona. Na ɗora shi, muka wuce. Zuciyata ta gaya mini gaskiya a lokacin, amma na ce mata bari dai a wuce Asabar.

Ranar Juma'a muka hau jirgin ƙasa ni da shi, domin mahaifinsa na bakin aiki. Muka sauka a unguwar Ladywood ta Birmingham, gidan wani aminina Bahaushen Gana, direban tasi, mutum mai barkwanci. Matarsa ta yi mana shinkafa da wake da yaji irin nasu. Yaron da ke share kwano biyu ya ɗan taɓa ya ture. Mai gidan ya dube shi ya ce wannan ne zai je ya kayar da Turawa, ko cokali ya gagare shi ɗauka? Da yaron ya fita sai ya rage murya ya ce mini, Malam, na daɗe ina ɗaukar mutane a mota, na san idon mai lafiya, idon yaron nan ba daidai yake ba. Na ce masa fargabar gobe ce kawai. Ya ce to, Malam ya fi shi sani. Ina ma a ce bai yarda da ni ba.

Da safe a bakin filin, wata mata mai kula da lafiyar 'yan wasa tana tsaye tana tambayar kowane yaro da wanda ya kawo shi. Ta tambayi takwarana ko ya samu wani bugu a kai kwanan nan, ya ce a'a. Sai ta juyo gare ni ta maimaita tambayar a hankali, kalma bayan kalma. Na ji ta sarai. Amma ni malami ne, na san nauyin ƙarya, don haka na nemi hanyar da harshena ba zai furta ta ba. Na yi murmushi, na buɗe hannuwa kamar tsohon da Turanci ya fi ƙarfinsa. Ta yi dariya ta ce ba komai, ta bar mu muka shige. Na zauna a benci ina gaya wa kaina cewa ban yi ƙarya ba. Irin wannan dabara ce na sha yi wa ɗalibaina gargaɗi a kanta.

Zagayen farko ya wuce lafiya, har na fara cewa addu'a ta ci. A na biyu wani yaro ya goge shi da kafaɗa, gugar da a da ko juyowa ba zai yi ba. Sai na ga ya tsaya cak, sandar ta suɓuce daga hannunsa. Ya nufi benci, amma ba nasu ba, na ɗaya ɓangaren. Kafin ya kai gwiwoyinsa suka saki, ya kife a kan ƙanƙara. Aka busa usur, filin ya yi tsit. Ban san lokacin da na sauko ba, sai ji na yi ina dukan gilashin nan da tafin hannu ina kiran sunansa, sunan da yake nawa. Matar nan mai kula da lafiya ta durƙusa a kansa, ta ɗago ta dube ni. A nan Turancina ya dawo gaba ɗaya. Na gaya mata ranar da ya bugu, da ciwon kan, da hasken da ke damunsa, da mantuwar. Ta juya ta kira motar asibiti.

A asibiti aka ɗauki hoton kansa, Allah Ya taimaka jini bai taru ba. Likitar da ta duba shi ta yi mini bayani cewa ƙwaƙwalwar da ta girgiza ba ta warke ba, idan ta sake samun bugu ko ƙarami ne, takan kumbura, kuma akwai yaran da ba sa tashi daga irin wannan. Ɗana ya iso da la'asar, rigar aiki a jikinsa. Ya shiga ya duba yaron, ya yi magana da likitoci, sa'annan ya fito inda nake zaune. Na shirya wa faɗa. Sai ya durƙusa a gabana kamar yadda ya saba tun yana yaro, ya gaishe ni, ya tambaye ni ko na ci abinci. Daga nan ya ce, Baba, tun yaushe ka sani? Na ce tun ranar Lahadi. Ya sunkuyar da kai ya ce Allah Ya kiyaye gaba, ya tashi ya nemo mini ruwan alwala. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Hutun da zai kasance na makonni ya koma na watanni. Yaron ya zauna a ɗaki mai duhu, ba waya, ba karatu, har makaranta sai da aka rage masa. Kocinsu ya zo gaishe shi, kuma a bakinsa na ji abin da ya ƙarasa karya ni. Ya ce masu zaɓen sun daɗe suna kallon yaron, kuma da an faɗa musu ya bugu, da sun ɗaga masa zuwa gwaji na gaba, domin haka suke yi wa kowa. Ashe gurbin da na yi shiru don in tsare masa, shirun ne ya raba shi da shi. Tawagar ta tafi gasar babu shi. Muka kalla tare a falo, yana nuna mini su ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin wanda ya tsaya a wurinsa. Shekarunsa sun wuce wannan rukuni yanzu. Ya koma wasa a ƙungiyarsu da izinin likita, akwai rukunin manya a gaba, sanin ko zai kai yana wurin Allah.

Na nemi gafararsa, ya ce ai shi ya roƙe ni. Na ce masa shi yaro ne, roƙo nasa ne, ƙi kuwa nawa ne, ban yi ba. Mun daɗe ba ma wasa, yana gaishe ni da ladabi kamar baƙo, wannan ma azaba ce. Sai wata magariba ya zauna a gabana ya ja surar nan tun daga farko har ƙarshe bai tsaya ba. Da ya shafa sai ya dube ni ya ce, tsoho, ashe ka iya Turanci, daga yau kai za ka riƙa kai kanka wurin GP, likitan unguwa, ni na daina yi maka tafinta. Hajiya ta fashe da dariya daga kicin. Ni kuwa na juya fuska ga bango domin kada ya ga rago na gaskiya.

Na shekara da shekaru ina karantar da cewa kiyaye rai da kiyaye hankali suna cikin manyan abubuwan da shari'a ta zo domin su, amma ranar da aka ɗora mini hankalin jikana a hannu sai na fifita farin cikinsa na mako guda, da nawa alfaharin. Addu'ar da na yi masa ba laifi ba ce, har gobe ina yi. Laifin shi ne na sa ta a madadin magana. 'Yan'uwana kakanni, yaranmu suna shiga wasannin da ba mu gada ba, ku koyi dokokinsu na lafiya kamar yadda kuke koyon na cin wasa. Ku lura da tsiyar da kuke yi wa jikoki, domin suna dariya ne amma suna ɗauka. Kuma idan yaro ya ba ku asirin da ya shafi lafiyarsa, ku kama hannunsa ku kai shi wurin iyayensa, ko da zai yi fushi da ku. Fushin yaro yana wucewa.

Allah Ya ba ku zuriya mai albarka, Ya tsare muku lafiyarsu da hankalinsu, Ya sa ku faɗi gaskiya a lokacin da take da amfani. Allah Ya sanya natsuwa a gidan duk wanda ya karanta wannan, Ya gafarta mana da iyayenmu baki ɗaya. Amin.