Tara da Shida na Akpovi

Akpovi mai gyaran keken ɗinki ne a unguwar Akpakpa ta Kwatano, kuma a kan sana'arsa ba ka da abin cewa. Kunne kawai yake kasawa ya gaya maka ƙusar da ta kwance. Ranar Lahadi ce hankalin nan yake tafiya hutu. Da an taso daga coci an ci abinci, sai ya nufi tsakar gidan Maman Sika mai sayar da akasa, wato tuwon masarar can, da soyayyen kifi, inda su shida suke karta irin wadda ake kira foka.

Wasan ba wuya. A ba kowa kati biyu, ya duba, in sun yi masa ya shiga, in ba su yi ba ya zubar. Sannan a buɗe biyar a tsakiyar tebur a ga wanda nasa suka fi haɗuwa da su. Da murafen kwalba suke yi, kowa ya sayi tulinsa da abin da bai kai kuɗin kifi biyu ba. Abin tsoron shi ne dokar Maman Sika: wanda murafensa suka fara ƙarewa zai ɗaura zanenta a ƙirji, ya zauna bakin ƙofa ya wanke kwanuka, masu wucewa suna yi masa sannu da aiki.

Akpovi ya ɗaura zanen nan har ya fi mai shi iya ɗauri. Dalili kuwa, bai san zubar da kati ba. Ranar tara ga watan shida aka haifa masa 'yarsa Huefa, a makon kuma ya ci wasa da tara da shida, katin da mai hankali ba ya duba sau biyu. Tun daga nan ya sa musu sunan yarinyar. Da a nan ya tsaya da sauƙi, sai ya shiga nema musu dangi. Tara da biyar ƙanwarta ce. Takwas da shida 'yar gwaggo. Goma da huɗu maƙwabciya ce, ba a kuma wulaƙanta maƙwabta. Shekara ashirin da shida, tara da shidan ba su sake ci masa ko murfi ɗaya ba.

"Akpovi, kai fa ba karta kake yi ba, gidan marayu ka buɗe," in ji Zinsu, tsohon ma'aikacin tashar jirgin ruwa, wanda sai ya yini bai shiga ba in bai ga sarakuna a hannunsa ba.

Ana nan sai Huefa ta samu miji. Uban yaron, wani dattijo mai suna Gbagidi, zai zo daga Savalu a ga juna, ya kuma aiko cewa ya ji labarin teburin Maman Sika, yana so a ba shi kujera. Da safiyar ranar Huefa ta tare ubanta yana ɗaure takalmi.

"Papa, abu ɗaya nake roƙo. Yau kaɗai. Kada surukina ya gan ka da zane."

Ya yi mata alkawari, da gaske kuma yake, don duk duniya ba shi da kamarta.

Aka zauna. Akpovi ya zubar da ƙanwa. Ya zubar da 'yar gwaggo. Da maƙwabciya ta zo sai da ya share gumi kafin ya ture ta. Maman Sika ta leƙo daga wajen murhu ta tambaya ko zazzaɓi ne, a kawo masa magani.

Da ya rasa abin yi sai ya fara kallon baƙon, abin da ya gani kuma ya tayar masa da hankali. Dattijon nan mai farar riga da gilashi ba ya zubar da komai. Duk abin da aka ba shi sai ya yi masa murmushi ya tura murafe. Kafin la'asar tulinsa ya zama ɗan tsibi. A ransa Akpovi ya hango surukin 'yarsa a bakin ƙofa da zane. Wannan ya fi nasa muni.

Aka sake rabo. Gbagidi ya tura duk abin da ya rage masa. Zinsu ya gyara zama ya ce ya shiga, kowa kuwa ya san ma'anar gyaran zaman Zinsu. Akpovi ya ɗaga gefen katinsa ya ga tara ja da shida baƙi.

Nan dabara ta zo masa. A dokar gidan, in murafen mutum biyu suka ƙare a rabo ɗaya, ɗan gida ke wanki, a ɗaga wa baƙo. Ga shi kuma riƙe da katin da bai taɓa ba shi kunya wajen faɗuwa ba. Alkawarin Huefa zai karye, amma gara ubanta da ya saba.

"Na shiga, da duka," ya ce.

"Alhamdu, ya warke," in ji Maman Sika, ta tafi ɗauko zane.

Aka baje kati. Zinsu sarakuna biyu, Gbagidi takwas da uku. Aka buɗe bakwai, takwas, biyu. Aka buɗe sarauniya. Akpovi har ya fara naɗe hannun riga. Sai na ƙarshe ya faɗo, biyar. Biyar, shida, bakwai, takwas, tara, a jere kamar 'yan makaranta.

Zinsu ya cire hula ya leƙa cikinta ya mayar. Aka turo wa Akpovi murafe har suna zuba a cinyarsa, shi kuwa kamar ya yi kuka. Shekara ashirin da shida yana jiran wannan rana, ta rasa lokacin zuwa sai yau.

Gbagidi ya miƙe ba musu, ya cire gilashi, ya karɓi zanen ya ɗaura a karkace. Akpovi bai iya kallo ba. Ya bar murafensa a tebur, ya ciro wani zanen daga igiyar shanya, ya ɗaura, ya je ya zauna kusa da shi. Da hannunsa ya gyara wa baƙon ɗaurin.

"Suruki, ka yi haƙuri. Wallahi faɗuwa na shiga yi."

"Na gane. Amma me ya haɗa ka da tara da shida?"

"Ranar haihuwar Huefa ce. Ban taɓa zubar da su ba."

Gbagidi ya daɗe yana cuɗa kwano ɗaya. Sannan ya ce nasa takwas da ukun lambar rumfar marigayiya uwarsa ce a kasuwar Savalu, kuma a teburinsu na can shi ke share tsakar gida duk mako.

Daidai nan babur ya tsaya a ƙofar. Huefa ce da saurayinta, sun zo ɗaukar tsofaffi. Ta ga zane biyu maimakon ɗaya, ta rufe fuska da tafin hannu, kunya kamar ta nutse.

"'Yata, buɗe idonki," in ji Gbagidi, kumfa har gwiwar hannu. "Na zo in ga gidan da ɗana zai ɗauko mata, na kuma gani. Mutumin da ko a kati bai yarda ya zubar da ke ba, ba ni da sauran tambaya a kansa."

Akpovi ya sunkuyar da kai cikin baho, ya ce sabulun Maman Sika yana shiga ido. Surukinsa ya miƙo masa kwano, ya karɓa ya ɗauraye.