Shekarar da Na Fara Binne

Shekarar da Baba ya rasu, gonarmu ta hanyar Bader Goula ta dawo hannuna, tare da irin hatsin da ya zaɓa da kansa kafin ya kwanta ciwo. Da aka sussuka, tiya bakwai ne. In ya salwanta, ba mu da wani.

Ruwa ya yi jinkiri. Maƙwabta suka fara binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. Wanda ya dace, hatsinsa zai riga na kowa nuna. Amma ɓera yana iya tonewa, ko a yi ɗan yayyafi iri ya tsiro rana ta ƙone shi. Ni kuwa tun ina lakwal, wato makaranta, amsa ɗaya sai na goge ta sau uku. Na ce mu jira.

Inna ba ta faɗin sunana, don ni ne ɗan fari. Ta ce, "Kai wannan, ka taɓa ganin ubanka ya jira?"

Na ce, "Inna, in ya ƙone fa?"

"Na ɗaki ma ƙwari suna ci. Ɗauko sungumi."

Kwana uku muka yi. Ina sara, tana biye da ni da ƙwarya, tana zuba iri tana rufewa da diddige. Gwiwarta na ciwo, amma ta ƙi zama.

Daga nan hankalina bai sake kwanciya ba. Kullum da safe sai in je gona ni kaɗai, in tone rami in ga ko irin yana nan, in mayar da ƙasa, in tone na gaba. Rana ta biyar na ɗaga kai na ga Inna tsaye da sandarta.

Ta ce, "Ashe ɓeran namu har gemu gare shi."

Na yi sauri na mayar da ƙasar ramin. Ta zauna kusa da ni a kan rairayi, ta kakkaɓe mini hannu. Ta ce duk shekarar da Baba ya yi binne, tuwonsa dawowa yake rabi har ranar da ruwa ya sauka.

"Tsoro yake ji kamar kai. Yana ji, yana shukawa."

Ban taɓa sani ba. Ni a idona Baba bai san fargaba ba.

A kwana na goma sha ɗaya aka yi ruwa mai ƙarfi, ƙasa ta ƙoshi. Hatsi ya fito layi-layi, sai gefen yamma da ɓera ya cinye. Ramukan da na tona ma da yawa ba su tsiro ba, don ban rufe su da kyau ba.

Inna ta bi layukan a hankali, tana nuna guraben da sanda.

"Wannan na ɓera. Wannan naka. Wannan ma naka."

Da lokacin cira ya yi, wato rage tsiron da ya yi yawa a rami, ita ta zaɓi masu ƙarfi ta dasa a guraben nawa.