Hoton Gwamnan Farisa

Jiya na ga wani tsohon hoton alhazai a bangon otal a unguwar Jarwal, a ƙasa mai tsarki, sai marigayi kakana ya faɗo mini a rai. Yana da irinsa a ƙasan akwati, duk warin kafur. Mahaifinsa na ciki, wai wani gwamnan Farisa ne ya ɗauka.

Ina ƙarama na ce, "Kaka, ai mutumin ya kyauta."

Ya taɓe baki. "Gwamna ya cusa kai cikin baƙin ƙyalle yana leƙen talakawa? Wa zai kai wa fuskokinsu?"

Shi da ya zauna a ƙasa mai tsarki ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, bai taɓa tsayawa gaban kyamara ba. Yau ko hotonsa ɗaya ba mu da shi. Allah Ya haskaka fuskar nan da ya hana kowa ɗauka.